Ƙofar Ɓera

A bene na biyu, a Filato,
an yayyanka zaure ɗaya gida goma sha huɗu,
katako iya kafaɗa, an lulluɓe da ƙyalle ruwan toka,
kowa da akurkinsa, kowa da lambarsa.
Ni ne bakwai. Sayni takwas.

Da tari na san shi tun ban riƙe fuskarsa ba.
Tari biyu, shiru, sai cokali cikin kofin gilashi.
Ƙarfe goma ke nan,
ba sai na duba agogo ba.

Kamu ɗaya ne tsakaninmu,
amma in ina son takardar lissafi
sai in rubuta masa da Faransanci,
saƙon ya fita, ya zaga inda yake zagawa,
ya dawo ya sauka gabansa,
ina jin ƙarar saukarsa da kunnena.
Ya amsa da gaisuwar ma'aikata,
wadda ba ta tambayar gajiya,
balle mutan gida.

Can ƙasa, daidai gwiwa, akwai huda
da mai gyara ya yi wa wayoyin ordinata,
faɗinta bakin kofin shayi.
Rakiyatu ta lamba uku ce ta raɗa mata ƙofar ɓera.

Wata Talata bik ɗina ya ƙafe, na ja tsaki.
Sai ga wani ya leƙo ta hudar,
shuɗi, an tauna masa kai.
Na mayar da shi da dabino biyu na Ingal.
Washegari gyaɗa a ƙullin takarda.
Jibi goro, ni da ba na ci,
na karɓa, na adana a aljihu har ya bushe.

Ranar da shef ya wanke ni tas gaban jama'a
kan sifili ɗaya da ya ɓace,
akurki sha huɗu suka yi tsit,
kowa ya duƙufa kamar bai da kunne.
Wata ƴar takarda ta faɗo kan takalmina:
Kala suuru.
Ni ɗan Tawa, Zabarmancina na cefane ne,
amma wannan na gane ta.
Haƙuri ba ya neman tafinta.

Sai Litinin ta zo ba tari.
Talata ba cokali.
Laraba na tura dabino, na ji ya faɗi ƙasa,
ba hannun da ya tare.
Algabit direba ne ya ce,
ai matarsa na kwance Lamorde tun Jumma'a.

Na buɗe salula in kira shi.
Shekara biyu,
ban da lambarsa sai ta bisa tebur,
wadda in na buga za ta yi kuka kusa da gwiwata.

Bayan la'asar na hau babur na haye tsohuwar gada,
kogi ya janye, masu wanki sun shanya a gaɓa.
Barandar asibiti cike da tabarmi da kwanonin abinci,
magariba ta mai da fuskoki iri ɗaya.
Na bi layi sau biyu, na rasa.
Sai daga bayan ginshiƙi,
tari biyu, shiru.

Ya miƙe. Ashe ya fi ni tsawo.
Ashe akwai furfura a gemunsa.
Ya ce, Tsahiru, ka zo?
Da Hausa ya faɗa, mai ɗan karkata.
Muka zauna, ba mu ce abin kirki ba,
ya zuba mini shayin da ya huce.

Ta samu sauƙi, an sallame su.
Kafin ya dawo, mai gyara ya zo
ya kwashe wayoyi, wai yanzu iska ke ɗaukar saƙo,
ya toshe hudar da baƙar roba.

Yau da safe na durƙusa
na ɓamɓare ta da makullin babur.
Rakiyatu ta leƙo ta saman katako, ta gani,
ta koma ta zauna.

Goma saura biyar.
Dabino na hannuna.